Zama a Ƙasar da Dutse Ya Taɓa Aman Wuta: Yadda Ake Gane Ta, da Yadda Ake Kauce wa Haɗarinta

Daga tsibiran São Tomé da Bioko a cikin teku, ta kan Dutsen Kamaru da tsaunukan Bamenda, har zuwa tudun Ngaoundéré ta gabas da tudun Biu na jihar Borno ta arewa, akwai jerin duwatsu mai tsawon kimanin kilomita 1,600 da masana ƙasa ke kira Layin Aman Wuta na Kamaru. Miliyoyin mutane suna noma da kiwo a kansa, domin ƙasar da ta samu daga ruɓewar baƙin dutse tana da albarka ƙwarai, ga sanyi ga ciyawa. Hausawa 'yan kasuwa da Fulani makiyaya sun daɗe a garuruwansa da rugagensa.

Idan an ce aman wuta, hankalin kowa kan tafi ga jan narkakken dutse yana malala. Amma a wannan layi abin da ya fi yin kisa iska ce da ido ba ya gani. A daren 21 ga Agusta 1986 Tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, ya saki iskar kabon da ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500 a ƙauyukan Nyos, Cha da Subum, ba tare da ko bukka ɗaya ta kama wuta ba. Wanda ke zaune a irin wannan ƙasa sai ya iya karanta ta, musamman ya san inda take gangarewa, domin iska da laka da narkakken dutse duk kwari suke bi.

A fara da tantance dutsen

Yawancin duwatsun da ake tsoro a ƙasar Hausa ba su da wata alaƙa da aman wuta. Kwatarkwashi, Kufena da Zuma dutse ne da ya daskare can cikin ƙasa tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, zaizaya ta tone shi ya fito fili. Dala da Gwauron Dutse kuwa marmara ce ta rufe kansu. Ba a jiran komai daga gare su.

Kayan aikin tantancewa kaɗan ne: guduma, tabarau na kare ido, ƙaramin maganaɗisu da ruwa a gora. Kada a yi hukunci da bayan dutse, domin rana da ruwan sama suna mai da kusan kowane dutse ja ko ruwan ƙasa. A fasa shi, a jiƙa sabon wurin da ya buɗe, a duba a hasken rana. In aka ga ƙwayoyi manya da ido ke rarrabewa, fari da ruwan hoda da ɗigon baƙi masu ƙyalli, wannan dutsen cikin ƙasa ne irin na Kufena. In kuwa cikinsa baƙi ne ko toka-toka mai duhu, mai nauyi, ƙwayoyinsa ƙanana har ba a ganinsu, to narkakken dutse ne da ya malalo fili ya huce da sauri. Sau da yawa akan ga ɗigon kore mai sheƙi jefi-jefi a cikinsa, kuma maganaɗisu kan ɗan kama shi. A bakin kwazazzabo ko wurin fasa dutse wani lokaci yakan bayyana a tsattsage kamar ginshiƙai masu kusurwa biyar ko shida. Tsukewar da ya yi yana hucewa ce ta tsaga shi haka.

Inda aka fi ruɗewa shi ne dutse mai ramuka. Marmara tana da ramuka, dutsen da aka cillo daga bakin aman wuta shi ma yana da su, kuma dukansu kan yi ja. Bambancin yana hannu. Na aman wuta bai kai girmansa nauyi ba, ramukansa zagayayyu ne masu santsin ciki, domin kumfar iska ce ta bar su. Ramukan marmara karkatattu ne, cike da laka ko tsatsa, kuma akan same ta shimfiɗe a saman tudu mai faɗi.

Daga nan sai a ɗaga kai a dubi siffar wurin, ko a buɗe hoton tauraron ɗan'adam a waya. Tudu mai tsini zagayayye da rami a ƙoƙon kansa, ko mai baki tsagagge ta gefe ɗaya inda narkakken dutse ya ɓalle, shi ne bakin aman wuta. Irinsu suna da yawa a tudun Biu, wajen Miringa, da kuma yankin Panyam da Kerang a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato. Tafki zagayayye mai bango tsaye, wanda babu babban kogi da ke shiga cikinsa, galibi ramin fashewa ne da ya cika da ruwa, kamar Tafkin Tilla kusa da Biu da Tafkin Pidong a Ampang. Dutsen Wase da tsaunin Tangale kusa da Kaltungo wani abu ne daban: maƙogwaron tsohon dutse ne da ya daskare, jikin ya zaizaye ya bar shi tsaye. Waɗannan sun gama aikinsu.

Matacce ne ko mai barci?

Masana suna lissafa dutse cikin masu rai idan ya yi amai cikin shekaru kimanin 10,000 da suka wuce. A duniya akwai irinsu wajen 1,350. Wannan ma'auni na da amfani, amma ba alkawari ba ne. Dutsen Nabro na Iritiriya ba shi da wani amai a rubutaccen tarihi, sai ga shi ya fashe a Yunin 2011. Pinatubo na Filifin ya yi shiru na kusan shekaru 500 kafin 1991. Saboda haka maganar "tun kakanninmu ba mu taɓa gani ba" ba ta isa hujja ba; tarihin baka ba kasafai yake wuce 'yan ɗaruruwan shekaru ba, rayuwar dutse kuwa da dubbai ake ƙirga ta.

Akwai abin da mai ido zai iya kiyastawa da kansa. Baki mai kaifi da ramin da bai cike ba, gangare marar zurfafan kwazazzabai, malalar dutse mai kaushi da ƙasa ba ta rufe ba, duk alamun ƙuruciya ne. Tudu da ya daddare, ƙoramu sun yayyanka shi, ƙasa mai kauri ta hau kansa, ya tsufa. A yi la'akari da ruwan sama: a Buea, garin da ke gindin Dutsen Kamaru, ciyayi kan rufe sabuwar malala da sauri, alhali a Tibesti na Cadi ko Jabal Marra na Sudan dutse mai dubban shekaru kan yi kamar jiya ya huce. Ainihin shekarun dutse sai a ɗakin gwaji ake fitar da su.

Ga yadda lissafin yake a wannan layi. Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, a raye yake sarai. Manyan amansa na baya-bayan nan sun faɗo a 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. Duba tazarar: shekara 13, 32, 5, 23, 17, sannan 1. Babu wani tsari da za a ce ana ƙirga shi, kuma duk wanda ya ba ka shekarar amai na gaba yana ƙage ne. Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne wanda aka haifa yau a Buea ko Limbe, garuruwan da ke kusa da dutsen, da wuya ya tsufa bai ga amai ba. Biu da Filato kuwa babu amai a rubutaccen tarihinsu, yawancin duwatsunsu sun kai ɗaruruwan dubbai zuwa miliyoyin shekaru, don haka yiwuwar amai a zamanin mutum ɗaya ƙarama ce ƙwarai. Ba dalilin tashi daga gida ba ce, ba kuma dalilin sayar da gona da araha ba.

Wani abu da ya kamata a fahimta game da irin ƙananan bakunan Biu da Panyam: kowannensu sau ɗaya yake amai a rayuwarsa. Idan yankin zai sake motsawa, sabon baki ne zai ɓullo a wani wuri cikinsa. Haka Parícutin ya yi a Meziko a Fabrairun 1943, ya tsago a tsakiyar gonar masara, kafin 1952 ya zama tudu mai sama da mita 400. Ke nan zuba wa tsohon tudu ido shi kaɗai ɓata lokaci ne. Yankin gaba ɗaya ake lura da shi.

Tafki mai zurfi da iskar da ba a gani

Narkakken dutsen da ke can ƙasa yana sakin iskar kabon ko da bai yi amai ba. Iskar kan narke a ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta shiga tafki ta gindinsa. Kowace mita 10 ta zurfin ruwa tana ƙara matsi daidai da nauyin iskar sararin sama gaba ɗaya, don haka a gindin Nyos, mai zurfin sama da mita 200, ruwa na iya riƙe iska ninki ashirin na abin da zai riƙe a sama. Kamar lemon kwalba ne da ba a cire murfinsa ba. A wuraren da ke da sanyin hunturu sosai ruwan tafki yakan juya duk shekara ya saki abin da ya tara. A nan zafin sama ba ya sauyawa sosai, ruwan ƙasa ya fi nauyi, sai ya kwanta shekara da shekaru yana tarawa. Ranar da wani abu ya ɗago shi, ko zaftarewar bango ko girgiza, kumfa ta fara, ta jawo wani ruwan sama, shi ma ya yi kumfa, har tafkin ya amayar da iskar cikin ɗan lokaci.

Sharuɗɗa uku ne sai sun haɗu: zurfi sosai, maɓuɓɓugar iska a gindi, da ruwan da ba ya juyawa. Tafkuna uku kawai aka sani da wannan hali: Nyos, Monoun kusa da Foumbot, wanda ya kashe mutum 37 ranar 15 ga Agusta 1984, da Kivu tsakanin Kwango da Ruwanda. Tafki marar zurfi ba ya iya tara iska haka, domin babu matsin da zai riƙe ta. Ba a kuma gane hali daga saman ruwa. Nyos shuɗi ne kwance lafiya har ranar, sai bayan fashewar ya koma ja saboda ƙarfen da ya taso daga gindi. Gwajin sai da kayan ɗebo ruwan zurfi, aikin masana ne. Kada a bari a fasa dutse da nakiya ko a tura manyan duwatsu cikin tafkin rami mai zurfi da ba a taɓa gwadawa ba.

Tun 2001 aka kafa bututu a Nyos, aka ƙara biyu a 2011; a Monoun an fara a 2003. Bututun na sauka kusa da gindi, a fara jan ruwan da famfo, daga nan kumfar kanta ke tura shi sama ya fesa mita gommai ba tare da inji ba. Haɗarin ya ragu ƙwarai, amma maɓuɓɓugar ba ta daina ba, don haka bututun da ya toshe ko na'urar gargaɗi da batirinta ya mutu abin kai rahoto ne nan take.

Iskar kabon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi. Ba ta da launi, ba ta da wari. A iska ta yau da kullum kashi 0.04 cikin 100 ce. A kashi 3 numfashi kan yi sauri, kai ya yi ciwo. A kashi 4 an shiga haɗari na gaggawa. Daga kashi 7 zuwa 10 mutum kan suma cikin mintuna, sama da haka kuwa numfashi kaɗan ya isa. Ba sai an sami tafki ba: a ƙasar aman wuta iskar kan tsattsafo ta tsagar ƙasa ta taru a rami, rijiya, masai, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko ƙaramin kwari, musamman da dare da asuba lokacin da iska ba ta kaɗawa. Mutanen birnin Goma na Kwango suna kiran irin waɗannan wurare mazuku, kuma yara da awaki suka fi halaka a cikinsu saboda hancinsu ya fi kusa da ƙasa.

Alamunta a fili: matattun tsuntsaye, ɓeraye, ƙadangaru da ƙwari a kwari ɗaya ba tare da rauni ba; ciyawa ta yi rawaya ko ta bushe a zagaye alhali ta kusa tana kore; dabba ta ƙi shiga wani gangare. Masu haƙar rijiya sun saba zura fitila kafin su sauka, kuma dabara ce mai kyau, amma a san iyakarta. In fitila ta mutu, kada a shiga, wannan babu gardama. In ba ta mutu ba, ba shaidar lafiya ba ce, domin harshen wuta kan ci gaba da ci a iskar da ta riga ta isa sumar da mutum. Haka na'urar da oksijin kawai take aunawa: kashi 5 na kabon ba ya rage oksijin sai da kusan kashi 1, daga 20.9 zuwa 19.9, na'urar ba za ta yi ƙara ba alhali mutum na cikin halaka. A nemi wadda ke auna kabon kanta, mai karantawa har kashi 5 ko fiye; ƙananan na cikin gida yawanci a kashi 0.5 suke tsayawa. A auna a daidai gwiwa, da sassafe.

In aka ji rugugi daga wajen tafki, ko aka ga farin hazo yana bin ƙasa, ko mutane da dabbobi suka fara faɗuwa, a hau tudu nan take, a yanke ta gefen kwarin. Gudu a cikin kwari gaba da iskar ba ya fisshe kowa. A Nyos ta kashe har nisan kilomita 25. A ɗora yara a kafaɗa. Kada a kwanta, kada a tsuguna, kada a shiga ɗaki a rufe ƙofa da sunan ɓuya. Jiƙaƙƙen ƙyalle ko takunkumi ba ya tare wannan iska ko kaɗan. Injin mota kan mutu a cikinta. A Monoun wata babbar mota ta tsaya haka, waɗanda suka sauko suka mutu, biyun da ke zaune a samanta suka tsira.

Wanda ya faɗi a rami kada a bi shi haka kawai, domin mai ceto shi ne gawa ta biyu. A jawo shi da igiya ko ƙugiya, ko a hura iska cikin ramin tukuna, mai sauka kuma ya kasance ɗaure da igiya da mutane riƙe da ita. In an fito da shi yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe a fili mai iska. In ba ya numfashi, a danna ƙirji sau 30, a hura masa sau 2, a ci gaba har taimako ya zo. Kuma kada a yi gaggawar yanke hukuncin mutuwa: a Nyos akwai waɗanda suka farfaɗo bayan sun yi fiye da yini a sume.

Alamun motsi, da abin da ba alama ba

Kafin yawancin amai, narkakken dutse da ke tasowa yakan fasa hanya, sai a ji ƙananan girgiza da yawa a jere, kwanaki ko makonni, suna ƙaruwa. Ƙasa kan kumbura, tsaga ta buɗe a bango ko hanya, maɓuɓɓuga ta ƙara zafi ko ta ƙafe, a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na ashana da aka ƙyasta. A Maris 1999 girgiza ta tsattsaga gidaje a Buea a daidai lokacin da dutsen ya buɗe. Sai dai Dutsen Nyiragongo, kusa da Goma, ya ɓalle ranar 22 ga Mayu 2021 kusan babu gargaɗi, don haka shiri ba ya jiran alama.

Abin da unguwa za ta iya yi da kanta shi ne rubutu. A ajiye littafi ɗaya a hannun mai unguwa, malamin makaranta ko arɗo. Kowace girgiza a rubuta rana, lokaci, tsawonta da abin da ta motsa. Tsaga a kafa ƙusa biyu gefe da gefe, a auna tsakaninsu da tef kowace safiya, a milimita. Maɓuɓɓuga a auna zafinta sau ɗaya a mako, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Canji mai ci gaba shi ne abin dubawa, kuma alamu biyu ko uku da suka haɗu sun fi ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ya yi ƙarfi sannan ya ɓace farat ɗaya abin gudu ne, domin in iskar ta yi yawa hanci kan daina jinta.

Yawancin rahotannin da ke yawo a waya ba su da tushe. Baƙar laka tana tsagewa duk rani. Ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, mai digiri 31, ruwa ne da ya zaga cikin zurfin ƙasa ya ɗumama. Motsin ƙasar da aka ji a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018 bai haifar da amai ba. Ƙasa mai hayaƙi a busasshiyar fadama yawanci ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da ta binnu take ci a hankali. A yankin Tafkin Faguibine na Mali an daɗe ana zaton aman wuta ne, da aka haƙa sai aka tarar da wannan. A Najeriya a kai rahoto ga hukumar binciken ma'adinai da yanayin ƙasa, NGSA, ko cibiyar lura da motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi, da NEMA ko hukumar agajin gaggawa ta jiha. A Kamaru cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai, IRGM, ce ke lura da Dutsen Kamaru. A tafi da littafin, da hotuna masu kwanan wata.

Inda za a kafa gida ko ruga

A zauna a kan ƙirjin tudu ko kafaɗarsa, a bar gindin kwari ga gona. Kowane kwari da ya taso daga bakin dutse ko daga tafkin rami hanya ce, komai daɗin ruwansa da ciyawarsa. Makiyaya su kwana da garke a sama ko da rana sun yi kiwo a ƙasa. Kowane gida ya san hanyoyin fita biyu da ƙafa, waɗanda ba sa tsallaka gada ɗaya, kuma a bi su da dare sau ɗaya don a san duwatsunsu. A sa wurin haɗuwa guda da kowane yaro ya sani. A Goma a 2021 ɗaruruwan yara sun rabu da iyayensu cikin turmutsitsi. Takarda mai suna da lambar waya a aljihun yaro tana rage wannan. Jakar fita ta ƙunshi takardun shaida cikin leda, maganin masu ciwon da ba sa fashi, tocila, rediyo mai batir, kuɗi a hannu da ruwa.

Mazauna bakin kogin Katsina-Ala a Taraba da Binuwai suna da nasu rabon, ko da ba su taɓa ganin Nyos ba. Bangon da ya tare tafkin ta arewa tarin toka ne da ya daskare, kuma in ya ɓalle ruwan ta wannan kogi zai gangaro. An ƙarfafa bangon, kuma tare wannan ambaliya na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila.

Toka

Tokar aman wuta garin dutse ne da gilashi mai kaifi, ba ta narkewa a ruwa. Babban haɗarinta nauyi. Kaurin santimita 10 na busasshiya kan kai kilo 50 zuwa sama da 100 a kowace murabba'in mita, in ruwa ya jiƙa ta kuma ta kusan ninka. A Pinatubo guguwa mai ruwa ta zo daidai da aman, kuma ruftawar rufi ta kashe ɗaruruwan mutanen da suka fake a gida. Soro, da kwano mai kwanciya, da manyan rumfuna masu faɗi marasa ginshiƙi a tsakiya irin na makaranta, masallaci ko coci, su suka fi saurin ruftawa, kuma abin takaici nan ake tara 'yan gudun hijira. A share rufi kafin ta kai santimita 10. A shimfiɗa katako a taka, a ɗaure mai shara da igiya, domin faɗowa daga rufi na cikin abin da ya fi raunata mutane bayan zubar toka. A ɗan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, kada a jiƙa ta sharkaf. A kwashe cikin buhu. In aka kora ta cikin kwata takan daskare ta toshe.

Da zarar ta fara zuba a cire bututun da ke kai ruwan indararo cikin tanki, a rufe rijiya, randa da mashaya. A tanadi ruwan kwana uku aƙalla, lita 15 ga kowane mutum a rana. Takunkumin N95 ya fi. In babu, ƙyalle mai ruɓi biyu ko uku da aka ɗan jiƙa yana rage manyan ƙwayoyi. Ido a wanke da ruwa, kada a murza. Masu asma, tsofaffi da jarirai su zauna ciki, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma. Mota da janareto a kashe a lulluɓe. In dole ne a yi tafiya, a hankali da fitila, a riƙa kakkaɓe matatar iskar injin, a wanke gilashi da ruwa mai yawa kafin a kunna abin shara, in ba haka ba ya kankare.

Dabbobi suna da wani haɗarin na daban. Sabuwar toka kan ɗauko gubar fuloraid, kuma siririyar zuba ta 'yan milimita ta fi cutarwa, domin ciyawa na nan a bayyane, dabba na ci tana haɗiye tokar. Aman Laki na 1783 a Aisland ya kashe kusan rabin shanun ƙasar da mafi yawan tumakinta ta wannan hanya. A tsare su a ba su harawa da dusa da aka adana a rufe, da ruwa mai tsabta, har sai ruwan sama mai ƙarfi ya wanke makiyaya. Dalalar miyau, gudawa, ɗingishi da ƙin ci su ne alamun farko. A gona kuwa, a kakkaɓe ganye, a wanke kayan lambu, siririyar toka kuma a juya ta cikin ƙasa da garma.

Narkakken dutse da laka

Irin na Dutsen Kamaru yakan fito da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200, amma tafiyarsa a hankali ce. Na 1999 ya ɗauki sama da mako biyu kafin ya yanke hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili, an kuma kwashe mutane tun kafin ya iso. Nyiragongo daban yake, nasa tsinkakke ne, a 1977 ya gangaro da gudun mota. Ko wanne ne, gefe ake kaucewa. Masu kallo da masu kwasar kaya su suka fi mutuwa: a Janairun 2002, kwanaki bayan malalar ta ratsa Goma, wani gidan mai ya fashe ya kashe gommai da ke ɗibar fetur. Saman malala kan yi baƙi ya yi tauri cikin sa'o'i alhali cikinta na ja har watanni, kuma iska mai guba na fita ta tsagoginta.

Laka ta fi shi gudu. Idan ruwan sama ya sami tarin toka a gangare, sai su haɗu su zama kwaɓi mai nauyi da ke ɗaukar duwatsu da gadoji. A Armero ta Kolombiya, daren 13 ga Nuwamba 1985, irin wannan laka ta iso garin kimanin sa'a biyu da rabi bayan aman dutsen Nevado del Ruiz, ta kashe sama da mutum 20,000, alhali lokacin ya isa su hau tudu da an tashe su. Rugugi mai ƙaruwa daga saman kwari, ko ƙorama da ta ƙafe farat ɗaya ana tsakiyar ruwa, umarnin hawa gefe ne. Wannan haɗari ba ya ƙarewa da ƙarewar amai. A Pinatubo ya yi ta dawowa duk damina har shekaru.

Komawa gida sai hukuma ta ba da izini. Mutum biyu ko uku su fara zuwa da rana tsaka, lokacin da iska ke kaɗawa, a bar yara da dabbobi a baya. A buɗe ƙofofi da tagogi a jira a waje, a duba azara da katakon rufi kafin a shiga ƙarƙashinsu, a auna rijiya da masai kafin kowa ya leƙa. Ruwan tankin da toka ta shiga a yi wanki da shi, a wanke tankin, a bar ruwan sama na farko da na biyu su zube ƙasa kafin a mai da bututun.